Gurbin Aikatau a Jimlar Sharaɗi ta Holanci: Abin da Ya Kamata a Fara Koya wa Ɗalibi

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wahalar da manya masu koyon Holanci suke sha wajen gina jimlar sharaɗi. Da'awarta ita ce, tushen wahalar yana ga jeranta kalmomi, musamman gurbin da aikatau mai ɗauke da lokaci yake zama, kuma ƙa'ida ɗaya ce take tafiyar da duk sigogin da ake koyarwa a warwatse. An kafa hujja da bayanin masana ginin jimlar Holanci da binciken da aka yi a kan masu koyon Holanci da Jamusanci, sannan an amsa sukar da za a iya yi wa wannan matsayi. An kawo Hausa a inda kwatanci da ita yake haska batun.

Gabatarwa

 Holanci harshen uwa ne ga mutane kimanin miliyan 24, mafi yawansu a ƙasar Holan da yankin Flanders na arewacin Beljiyam, sai kuma Surinam a Kudancin Amurka. Tun 1980 Holan da Beljiyam suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai suna Taalunie domin kula da harshen, Surinam ta shigo a 2004. Amma waɗanda suka dame ni a wannan takarda su ne baƙin da suke koyon harshen da girmansu, kuma sau da yawa doka ce ta ɗora musu. Dokar sajewa da al'umma da ta fara aiki a Holan ranar 1 ga Janairun 2022 ta ɗaga matakin da ake son baƙo ya kai zuwa B1 a ma'aunin harsuna na Turai. A wannan mataki ba a neman gaisuwa da cinikin burodi kawai. Ana son mutum ya karanta wasiƙar ƙaramar hukuma ko ta kamfanin inshora ya gane abin da za a yi masa idan bai biya ba, ya kuma rubuta amsa yana gindaya nasa sharaɗin. Irin waɗannan wasiƙu cike suke da kalmomin sharaɗi irin su indien da mits da tenzij da mocht u. Wanda bai iya jimlar sharaɗi ba, bai san haƙƙinsa ba a cikin takardar da ke hannunsa.

Zan yi amfani da kalmomin da duk wanda ya taɓa nahawun Larabci ya sani, wato sharaɗi da jawabinsa. Gangar sharaɗi ita ce mai farawa da "idan", jawabi kuwa shi ne abin da zai biyo baya in sharaɗin ya cika.

Inda aikatau yake zama

A ganga tsayayya ta Holanci, aikatau mai lokaci, wanda masu harshen ke kira persoonsvorm, yana zama a gurbi na biyu. Ana cewa Ik blijf morgen thuis, wato zan zauna a gida gobe. Idan aka kawo "gobe" gaba sai a ce Morgen blijf ik thuis. Aikatau blijf bai motsa ba, yana nan na biyu, aikau ne ya koma bayansa domin wani ya riga shi gurbin farko. Idan akwai wani aikatau bayan mai lokacin, sai ya tafi can ƙarshe, kamar a Ik heb het boek gisteren gelezen, na karanta littafin jiya, inda heb da gelezen suka sa sauran kalmomi a tsakiya. Babban littafin nahawun harshen, Algemene Nederlandse Spraakkunst, wanda ya fito a 1984 aka sake buga shi a 1997, a kan waɗannan gurabe biyu ya gina bayaninsa na jeranta kalmomi, yana kiransu ginshiƙan jimla. A ganga dogarau kuwa, wadda mahaɗi irin su dat da omdat da als suke buɗewa, aikatau mai lokaci yana barin ginshiƙi na farko ya koma na biyu, ya tarar da 'yan'uwansa a ƙarshe: omdat ik het boek gisteren gelezen heb.

Yanzu a ɗauki jimlar sharaɗi mafi sauƙi: Als je morgen de trein neemt, ben je om tien uur in Utrecht, idan ka hau jirgin ƙasa gobe, za ka kai Utrecht da ƙarfe goma. A cikin wannan gajeriyar magana ɗalibi yana fuskantar abu uku a numfashi ɗaya. Dole ya riƙe neemt a baki har ya gama faɗar lokaci da karɓau. Da ya faɗe shi, dole ya bi shi nan take da wani aikatau, ben, kafin aikau. Sannan dole ya tuna cewa je bent idan ya juya yana zubar da harafin t ya zama ben je. Abin da kunnuwan malamai suka saba ji a aji shi ne Als je neemt morgen de trein, je bent om tien uur in Utrecht, kuma ba a kawo wannan don dariya ba, jimla ce da ta bi tsarin Ingilishi da Faransanci da Hausa wajen gurbin aikatau. Idan kuma aikatau mai rabuwa ne, nauyin ya ƙaru, domin ik bel je op, ina kiranka a waya, a gangar sharaɗi yana haɗewa ya zama als ik je opbel.

Yawancin littattafan koyarwa suna raba waɗannan abubuwa zuwa darussa daban-daban. Akwai darasin da ake kira inversie, wato juyin aikau da aikatau. Akwai darasin ganga dogarau. Can gaba kuma a zo darasin sharaɗi, inda ake ɓata mafi yawan lokaci a kan bambancin abin da zai iya faruwa da wanda ba zai faru ba. A ganina wannan rabo shi ne yake ninka wa ɗalibi aiki, domin yana sa ya haddace ƙa'idoji uku inda harshen yake da guda ɗaya. Kalmar inversie kanta tana ɓatar da shi. Tana nuna masa cewa akwai tsari na asali, aikau sannan aikatau, wanda wasu kalmomi suke kifar da shi, sai ya shiga haddace jerin kalmomin da ke jawo juyi. Jerin kuwa ba ya ƙarewa, domin kusan kowane yanki na jimla yana iya zama a gurbin farko.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa ƙa'idar ɗaya ce tana cikin jimlar sharaɗin kanta. A 1975 Jan Koster ya kawo dalilan da suke nuna cewa asalin mazaunin aikatau a Holanci ƙarshen ganga ne, a ganga tsayayya ne yake tasowa gaba. Bayansa Hans den Besten, a aikin da ya yaɗu tun 1977 aka buga shi a 1983, ya nuna inda aikatau yake sauka idan ya taso: gurbin da mahaɗi yake zama ne. Kujera ɗaya ce, in mahaɗi ya zauna aikatau ya haƙura ya tsaya a baya, in babu mahaɗi aikatau ya zo ya hau. Ga shaida. Mai Holanci yana iya jefar da als gaba ɗaya ya ce Neem je morgen de trein, dan ben je om tien uur in Utrecht, ma'anar ba ta canza ba. Aikatau neem ya zauna daidai inda als ya tashi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa su, a ce Als neem je morgen de trein. Da wannan fahimta, Mocht u vragen hebben, dan kunt u ons bellen, in da tambaya kuna iya kiranmu, wadda ake rufe wasiƙun ofis da ita, ta daina zama abin haddacewa, ta zama abin da ɗalibi zai iya ginawa da kansa. Na san Jan-Wouter Zwart ya ƙalubalanci wani ɓangare na wannan bayani a kundinsa na Groningen a 1993, inda ya ce aikau da ke farkon ganga tsayayya ba ya zama a gurbi ɗaya da sauran abubuwan da ake kawowa gaba. Wannan muhawara ce ta masu ra'in ginin jimla, kuma ba ta taɓa abin da malamin aji yake bukata ba, domin ɓangarorin biyu sun yarda cewa als da aikatau ba sa haɗuwa a goshin gangar sharaɗi.

Rabin jimlar na biyu shi ma daga nan yake warwarewa. Gangar sharaɗi, komai tsawonta, yanki ɗaya ce a idon jawabi. Ta cike gurbin farko kamar yadda morgen ya cike shi. Saboda haka Als het regent, blijf ik thuis, idan ana ruwa zan zauna a gida, ba ta da wani bambanci na gini da Morgen blijf ik thuis. Aikatau biyu da suke karo a wajen waƙafi, regent da blijf, kowanne yana gurbinsa: na farko a ƙarshen tasa gangar domin als ya tare masa kujera, na biyu a gurbi na biyu na babbar jimla. Idan aka juya aka sa jawabi a gaba, Ik blijf thuis als het regent, babu abin da zai motsa a jawabin. Ɗalibai da yawa suna fakewa a wannan siga, kuma daidai ce, sai dai ba za ta ishe su ba. Joseph Greenberg ya lura a 1963 cewa a harsunan duniya tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne sharaɗi ya riga jawabi, John Haiman kuma ya bayar da dalili a 1978, cewa sharaɗi shimfiɗa ce da mai magana yake yi kafin ya ɗora zancensa. Mai magana da ba ya iya fara zance da sharaɗi an rage masa wata babbar hanya ta tsara tunaninsa.

Matsayin dan

Ekkehard König da Johan van der Auwera, a nazarin da suka buga a 1988 kan Jamusanci da Holanci, sun rarrabe hanyoyi uku da gangar sharaɗi take jingina da jawabi. Ko dai ta shige cikinsa gaba ɗaya kamar yadda muka gani, ko a sa wata ƙaramar kalma ta wakilce ta, ko ta tsaya a waje ba ta taɓa tsarinsa ba. Kalmar da take wakilci ita ce dan: Als het regent, dan blijf ik thuis. A nan gangar sharaɗi ta tsaya a bakin ƙofa, dan ya ɗauko ma'anarta ya cike gurbin farko da ita, aikatau ya biyo na biyu. Alex Reuneker, a kundin digirinsa na uku da ya kare a Leiden a 2022, ya bi jimlolin sharaɗi na Holanci cikin rumbunan magana da na rubutu, kuma waɗannan sigogi suna cikin abubuwan da ya auna. Ba ƙirƙirar littafin makaranta ba ce, haka mutane suke magana.

Ga mai Hausa a baki, dan ba baƙo ba ne. Muna cewa "idan an yi ruwa, to zan zauna a gida", ko "in ka gama, sai ka tafi", kuma wanda ya yi Larabci ya san harafin fa da yake shiga jawabin sharaɗi a wasu wurare. Aikin duka ɗaya ne, sanar da mai sauraro cewa sharaɗi ya ƙare, jawabi ya fara. Shawarata ita ce a fara koyar da sigar mai dan kafin wadda ba ta da shi, domin tana gutsura nauyin gida biyu. Ɗalibi ya gama gangar sharaɗi, ya numfasa, sannan ya fara sabon yanki da dan blijf ik, dan ga ik, dan kun je, dan moet u. Waɗannan 'yan guntaye ne da yake ji sau da yawa a kowace rana, a shago da tasha da wurin aiki, tun kafin ya san sunansu a nahawu. Idan sun zauna a bakinsa, cire dan daga baya ba ya bukatar sabuwar ƙa'ida, domin abin da ya rage, blijf ik, ya riga ya jeru daidai.

Akwai wani abu a Hausa da ya fi wannan amfani ga malami, kuma ban ga dalilin barinsa ba. Bahaushe ya riga ya san cewa kawo wani yanki gaba yana iya tilasta wa sashen aikatau ya sauya kama. Muna cewa "sun zo jiya", amma idan aka ƙarfafa lokacin sai a ce "jiya suka zo". Muna cewa "suna karatu a nan", amma "a nan suke karatu". Babu wanda ya haddace wannan a jere, kunne ne yake ƙin "jiya ne sun zo". Kamancin yana da iyaka, domin a Hausa siga ce take sauyawa, a Holanci kuwa wuri ne, sannan Hausa tana barin "jiya sun zo" idan shimfiɗa ake yi ba ƙarfafawa ba, alhali Holanci ba ya yin wannan rangwame. Duk da haka tunanin da ake son dasawa, cewa abin da ke gurbin farko yana da hukunci a kan aikatau, yana nan a kan ɗalibin tun yana yaro.

Abin da bai kamata ya ci lokaci ba

Ɓangaren ma'ana, wanda littattafai suke ba wa babban fili, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sharaɗin da ba a sa ran cikarsa yana ɗaukar shuɗaɗɗen lokaci ko zou: Als ik geld had, zou ik een huis kopen, da ina da kuɗi da na sayi gida. Ana kuma iya cewa kocht ik een huis a jawabin. Wanda lokacinsa ya wuce yana ɗaukar had ko was: Had ik het geweten, dan was ik niet gekomen, da na sani da ban zo ba. Holanci ba ya hana zou shiga gangar sharaɗi, don haka Als ik geld zou hebben karɓaɓɓiya ce, kuma tsoron da ɗalibi ya kwaso daga ajin Ingilishi ba shi da wuri a nan. Hausa ta raba "idan" da "da … da", ta raba "muddin" da "sai dai in", waɗanda suka yi daidai da mits da tenzij, kamar a Je mag mee, mits je op tijd komt, kana iya biyo mu muddin ka zo a kan lokaci. Ta kuma raba "idan" da "ko", kamar yadda Holanci ya raba als da of a Ik weet niet of hij komt, ban sani ba ko zai zo. Wanda yake fassara daga Ingilishi, inda kalma ɗaya take yin aikin biyu, shi ne yake faɗawa wannan rami. Bahaushen da aka koya wa Holanci ta hanyar Ingilishi yana iya gadon kuskuren da harshensa ya riga ya tsare shi daga gare shi, kuma wannan asara ce da malami zai iya kaucewa da tambaya ɗaya. Haka nan bai kamata a tsananta a kan jerin aikatau a ƙarshen ganga ba. Als hij het gedaan heeft da als hij het heeft gedaan duka daidai ne. Ana kiransu tsari kore da tsari ja, sunayen da suka samo asali daga launukan taswirar karin harshe da Anita Pauwels ta buga a 1953.

Suka da amsa

Suka mafi nauyi tana zuwa daga binciken koyon harshe na biyu. A shekarun 1970 Jürgen Meisel da Harald Clahsen da Manfred Pienemann sun bi ma'aikata 'yan Italiya da Sifaniya da Fotugal da suke koyon Jamusanci, harshen da gurbin aikatau a cikinsa ya yi daidai da na Holanci. Sun gano matakai da masu koyo suke bi a jere: aikau da aikatau da karɓau, sai kawo bayanau gaba ba tare da juyi ba, sai raba aikatau biyu, sai juyi, sai a ƙarshe tura aikatau ƙarshen ganga dogarau. Pienemann ya ƙara da cewa koyarwa ba ta iya tsallakar da ɗalibi mataki, bisa gwajin da ya buga a 1984 kan yaran Italiyawa a Jamus. Mai suka zai ce, tunda jimlar sharaɗi ta ƙunshi matakai biyu na ƙoli, fara ta da wuri zuba ruwa ne a rariya.

Ban raina wannan bincike ba, amma bai kai inda mai sukar yake son kai shi ba. Da farko jerin matakan bai tabbata iri ɗaya a ko'ina ba. Erika Diehl da abokan aikinta, a binciken da suka buga a 2000 kan ɗaliban Janeba masu Faransanci da ke koyon Jamusanci a makaranta, sun tarar cewa tura aikatau ƙarshen ganga ya riga juyi zama. Harshen da mutum ya zo da shi ma yana da tasiri. Bert Jansen da Josine Lalleman da Pieter Muysken sun nuna a 1981 cewa a cikin ma'aikata baƙi a Holan, Turkawa, waɗanda harshensu yake ajiye aikatau a ƙarshe, sun fi karkata ga wannan tsari a Holancinsu, 'yan Maroko kuwa sun fi barin aikatau kusa da aikau. Ute Bohnacker ta nuna a 2006 cewa 'yan Suwidin da ba su taɓa koyon Ingilishi ba suna sa aikatau a gurbi na biyu tun farkon koyon Jamusanci, waɗanda suka bi ta Ingilishi kuwa suna tuntuɓe. Idan abin da ke kan ɗalibi tun farko yana da wannan tasiri, to malamin da ya san harshen ɗalibinsa yana da abin kamawa. Na biyu, hana tsallake mataki magana ce a kan abin da ɗalibi zai furta da kansa ba tare da shiri ba. Ba ta hana shi fahimtar tsari ba, ba ta kuma hana shi riƙe guntaye irin dan ga ik ba. Rod Ellis, a nazarinsa na 1989 kan masu koyon Jamusanci a aji, ya tarar suna bin jeri irin na masu koyo a titi, amma sun yi nisa cikin ɗan lokaci. Abin da nake nema a yi da wuri shi ne a ba ɗalibi hoto sahihi na inda aikatau yake zama, domin kowace jimla da ya ji daga baya ta sami inda za ta sauka.

Suka ta biyu tana zuwa daga masu ganin cewa yawan ji da karatu ya isa, kamar yadda tsarin koyarwa na Delft ya fifita nassi da maimaitawa a kan dogon bayanin nahawu. Suna kuma ƙarawa da cewa Als het regent, ik blijf thuis ana gane ta sarai. Gaskiya ne ana gane ta, kuma wannan ne ya sa take daɗewa a baki. Kuskuren da yake hana fahimta yana gyara kansa, domin mai sauraro zai nemi a maimaita. Wanda ba ya hana fahimta babu mai gyara shi a kasuwa, sai ya kafu. Wolfgang Klein da Clive Perdue sun bayyana a 1997 yadda manya baƙi a ƙasashen Turai, har da masu koyon Holanci, suke gina wani sauƙaƙƙen harshe mai biyan bukatar yau da gobe, wasunsu kuma su tsaya a nan shekara da shekaru. Mutumin da ya tsaya a nan zai sayi abinci, amma jarrabawar Staatsexamen NT2 tana duba ginin jimla a rubutu da magana, kuma ita ce ƙofar karatu da aiki ga mutane da yawa. John Norris da Lourdes Ortega, da suka tattara gwaje-gwajen koyarwa masu yawa a 2000, sun tarar cewa koyarwar da take bayyana ƙa'ida a fili ta fi wadda take barin ɗalibi ya tsinta da kansa tasiri. Yawan ji wajibi ne, ba na jayayya da wannan, amma kunnen da aka gaya wa abin da zai saurara ya fi tsinta.

Suka ta uku ita ce ta fi burge ni, domin daga cikin harshen ta fito. Masu Holanci da kansu suna cewa Als je honger hebt, er ligt brood in de keuken, in kana jin yunwa, akwai burodi a kicin, ba tare da juyi ba. To ina ƙa'idar? Amsar tana cikin ma'anar jimlar. Yunwar ba ita ta kawo burodin ba, yana nan ko ana jin yunwa ko ba a ji. Sharaɗin yana bayyana dalilin faɗar maganar ne kawai, irin jimlolin da masanin falsafa J. L. Austin ya jawo hankali gare su a 1956. Saboda ba ya cikin abin da jawabi yake faɗa, sai ya tsaya a waje, jawabi ya fara ƙirga gurabensa daga farko, er na ɗaya, ligt na biyu. Haka abin yake a Wat er ook gebeurt, ik blijf hier, ko me zai faru ina nan. Aikatau bai bar gurbi na biyu ba ko sau ɗaya. Wannan yana nuna cewa jeranta kalmomi a nan tana ɗauke da ma'ana, kuma ɗalibin da yake barin juyi a ko'ina yana shafe bambancin da masu harshen suke ji. Irin waɗannan jimloli su ne ya dace a jinkirta, har sai sigar da aka saba ta zauna.

Saura wani haɗari da ke cikin shawarata, kuma dole a faɗe shi. Ɗalibi yana iya ɗaukar dan a matsayin "to" zalla, ya ce Als het regent, dan ik blijf thuis, tunda "to" ba ta taɓa tsarin abin da ke biye da ita a Hausa. Nan ne kamancin harsunan biyu ya ƙare. Maganinsa shi ne kada a taɓa koyar da dan shi kaɗai a jerin kalmomi da fassararsa a gefe. A koyar da shi manne da aikatau da aikau, a kuma jera shi da morgen da daarom da misschien, domin ɗalibi ya ga cewa ɗan gurbin farko ne kamar su, ba mahaɗi ba ne irin en da maar da want waɗanda suke tsayawa a wajen ƙirga.

Kirana ga masu rubuta littattafan koyon Holanci da masu horar da malamai shi ne su dawo da jimlar sharaɗi kusa da farkon darasin ginin jimla, su jera Als je komt da Kom je a shafi ɗaya, su fara da sigar mai dan, su rage filin da suke ba wa rabe-raben ma'ana. Ga masu nazarin harshe a jami'o'inmu kuwa, akwai aikin da yake jira: a tattara maganar Hausawa masu koyon Holanci, a raba waɗanda suka bi ta Ingilishi da waɗanda suka bi ta Faransanci, a auna ko "jiya suka zo" tana taimakon Morgen blijf ik thuis kamar yadda na yi hasashe.